Ƙanzon Zuciyar Inna

Ku 'ya'yana, na gaji da jin wannan labari daga bakin gwaggonku Asabe. Duk inda aka taru, suna ne ko biki, sai ta ɗauko shi ta zuba masa gishiri, wai ni ne na so in hana kakarku zuwa Makka. Kuna dariya, ni ma ina taya ku, amma akwai ranar da ba na nan, sai ku ɗauka haka ɗin aka yi. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ni ba ɗan boko ba ne, firamare ma ban ƙarasa ba. Teburin shayi ya cinye mini ƙuruciya a bakin Ƙofar Marusa, yanzu kuma ya koma cin gwiwoyina. In kun ga rubutun ya karkace ku gyara, amma kada ku taɓa maganar.

Sai na fara gaya muku yadda Inna take a wancan lokacin. Tun da mahaifinmu ya rasu, daddawa ce ta riƙe gidanmu. Ita ke dafa kalwa, ita ke wankewa, ita ke kirɓawa, ƙamshin ya kama mu har a masallaci ana gane 'ya'yan gidan. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce Mai shayi. Kuma tana da wani hali guda da kowa ya san ta da shi. Kun san a garin nan duk tsohuwar da ta yafa mayafi mai tsabta ta shiga Babbar Kasuwa, 'yan tireda Hajiya za su ce mata, ko da iyakar tafiyarta Jibiya ce. Inna ba ta amsawa. Sai ta tsaya cak, ta dubi mutum.

"Ban je ba. Kada ka naɗa mani rawanin da ba nawa ba. In Allah ya kai ni, ka kira ni har ka gaji."

Shekara da shekaru tana tari daga kuɗin daddawa, ta sayi tumaki ta kiwata ta sayar, ƙanena Sani da ke aikin gwamnati ya cika mata abin da ya rage. A shekarar da nake ba ku labari ta samu kujera. Ban taɓa ganin Inna cikin irin wannan farin ciki ba. Tsohuwar da ba ta yarda a ga haƙoranta a banza, sai ga ta tana raira waƙar bege tana shara. Saura abu ɗaya, gwajin lafiya da ake yi wa maniyyata, likita ya sa hannu a takarda. Ni na ɗauke ta a babur muka tafi, ina ganin abu ne na ɗan lokaci in dawo in hura wuta.

Ma'aikaciyar da ta saurari ƙirjinta ta daɗe tana saurare, ta matsar da abin nan gefe ta sake saurare, sannan ta ce akwai wani ɗan sauti da ba ta gane ba, a je babban asibiti a yi hoton zuciya. Muka je. Aka kwantar da Inna a gefenta na hagu, wata ma'aikaciya ta shafa mata wani mai mai sanyi da yauƙi, ta ɗora wani abu kamar kan muciya a ƙirjinta, hoto ya fito a allo yana motsi. Inna ta leƙa.

"Wanga ba shi ne ake yi wa masu ciki ba? Ɗiyata, in kin ga jariri ki rufa mani asiri."

Ma'aikaciyar ta yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Ta tsayar da hoton, ta fita, ta dawo da wani likita saurayi. Shi ma ya duba, ya sake dubawa, sannan ya yafito ni waje. Yaron kirki ne, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce zuciya ɗakuna gare ta, kuma tsakanin ɗakuna biyu na hagu akwai ƙofa mai ƙyaure biyu, tana buɗewa jini ya wuce, ta rufe don kada ya dawo. A gindin wannan ƙofa, ta baya, sun ga wani dunƙulallen abu kamar ɗan goro. Ya ce wannan hoton bai isa ya nuna ko mene ne ba. Zai iya zama ƙari, zai iya zama gudan jini, zai iya zama wani abu daban marar haɗari. In ƙari ne, watakila sai an tsaga ƙirji. Ya ce ba zai sa hannu a takardar tafiya ba sai an ɗauki wani hoton a babbar na'ura, kuma akwai layi, sai mun jira.

Ya yi magana mai yawa, amma ni biyu kawai na tafi da su gida: ƙari, da tsaga ƙirji.

A wurinmu ba a gaya wa tsoho irin wannan magana. Haka muka tarar. Ana cewa labarin ne ke kayar da mutum kafin ciwon ya iso. Da Inna ta tambaye ni a kan babur, na ce jininta ne ya ɗan hau, suna so su ƙara dubawa. Ta ce jinin da ya haifi irina ai dole ya hau. Sani da Asabe kaɗai na gaya wa gaskiya, kuma Asabe ta rantse ba wanda zai ji. Na yarda ba wanda ya ji daga bakinta, in ka cire mijinta, da uwar mijinta, da mai yi mata kitso.

To ga inda abin ya kwaɓe. Kun san al'adar maniyyaci. Kafin ya tashi sai ya bi dangi da maƙwabta gida-gida yana sallama, yana neman a yafe masa. Inna ba ta san komai ba, ta ce lokaci ya yi, in fara kai ta. Muka fara da Ƙofar Kwaya, gidan ƙanenta Kawu Iro. Aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da yara da jikoki, aka sake gaisawa, sannan Inna ta gyara zama ta faɗi abin da kowane maniyyaci yake faɗa.

"Iro, sallama na zo. Tahiya ce mai nisa, ban sani ba ko zan dawo. In na taɓa yi maka wani abu, ka yafe mani."

A ƙa'ida, nan ne mutum zai yi dariya ya ce ba ki yi mini komai ba, Allah ya sa a yi karɓaɓɓe, ki sa mu a addu'a, sannan ya jero tsarabar da yake so. Kawu Iro sai ya ja hannun rigarsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suka shiga rawa. Matarsa ta fashe da kuka daga bakin murhu. Inna ta dube ni, na dubi akuyar da ke ɗaure a gindin dalbejiya. Da muka fito ta ce ba ta san Iro yana ƙaunarta haka ba. Gida na gaba haka, na gaba da shi ma haka. Duk inda ta ce ban sani ba ko zan dawo, sai tsakar gida ta koma gidan makoki. Wata 'yar uwarta har ta riƙe mata ƙafa. Ni kuwa ina tsaye a zaure ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige, don na gane aikin Asabe ya riga mu zagaye garin.

Abin bai tsaya nan ba. Maƙwabciyarmu Ladi, wadda suka yi shekaru ba sa ga maciji da Inna a kan magudanar ruwan da ke tsakanin gidajenmu, ko gaisuwar salla ba sa yi, sai ga ta da safe da ƙwaryar fura. Ta durƙusa har ƙasa tana hawaye, ta ce duk laifin nata ne, ruwa ya bi ta inda ya ga dama.

A tsakanin nan lokacin miƙa takardar lafiya yana ta matsowa. Muka zauna mu uku a zauren Sani. Shi ya ce a janye kujerar a ɓoye, a ce mata an ɗaga sai baɗi. Asabe tana kuka ta ce ni ne babba, in yanke. A nan na faɗi maganar da take yawo da ita har yau. Na ce in ƙari ne, Inna ba za ta hau jirgi ba ko da za ta yi fushi da ni har ta koma ga Allah. Na faɗa, ban musa ba, kuma ko yau aka dawo da ranar haka zan ce. Abin da Asabe take mantawa shi ne rabin maganar. Na ce amma ba wanda zai taɓa kujerar sai an ga hoto na biyu.

Ɓoyon da nake yi wa Inna bai kai ranar hoto na biyu ba. Wata rana bayan la'asar na shiga gida ɗaukar gawayi, Inna tana zaune a tabarma tana dunƙula daddawa. Ba ta ɗago ba.

"Mai shayi, zo nan."

Na tsuguna.

"Na zaga dangi kaf. An yi mani kuka kamar an fito da gawata. Na ce to, ƙauna ce. Amma akwai abin da na lura da shi. Kawunka Iro, ko Batsari zan tahi sai ya ce in riƙo mashi wani abu. Makka guda zan tahi, bai ce in kawo mashi ko ƙwayar dabino ba. Ba shi kaɗai ba, duk garin nan ba wanda ya roƙe ni zamzam. Mutane ba su roƙon tsaraba wurin wanda suka san ba zai dawo ba. Mi likita ya ce maka?"

Na gaya mata duka, da ƙarin, da tsaga ƙirjin, da takardar da aka ƙi sa wa hannu. Ina jira ta faɗi ko ta yi salati da ƙarfi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta gama dunƙulen da ke hannunta, ta jera shi a faifai, ta ɗauki wani.

"Zuciyar nan, a ƙirjin wa take?"

"A naki, Inna."

"To mi ya sa duk Katsina ta ji labarinta ban da ni? Har mai kitson Asabe ta san cikina, ni ina yawo kamar makauniya ina ba mutane tausayi."

Ta jera wani dunƙulen a faifai, ta ci gaba.

"Ka saurara. Makka ba a zuwa da gardama, sai an kira mutum. In sun duba sun ce ƙari ne, ni da bakina zan ce na haƙura. Amma ni za a gaya wa, ba kai ba. Tashi ka ba ni wuri, kana tare mani iska."

Ranar hoto na biyu mu duka muka tafi. Na'urar wata ƙatuwar zobe ce fara, kamar bakin rijiya da aka tayar tsaye, ga gado siriri yana shiga cikinta. Aka yi wa Inna allura a jijiyar hannu, aka ce za ta ji ɗumi ya bi jikinta, kada ta tsorata, kuma in an ce ta riƙe numfashi ta riƙe. Ta ce wanda ya shekara yana hura wuta da ɗanyen itace ai ya iya riƙe numfashi. Aka fitar da mu. Sani yana ta kai da komo, Asabe tana jan carbi da sauri kamar ana bin ta. Ba a daɗe ba sai ga Inna ta fito tana gyara mayafi, tana cewa duk wannan fargabar a kan wannan ɗan abu ne.

Da sakamako ya fito aka haɗa mu da babbar likitar zuciya, wata mata mai kimanin shekaruna, da tabarau a kan hanci. Ta tambaya wane ne babban ɗa. Kafin in buɗe baki Inna ta wuce ni ta zauna a kujerar da ke gaban tebur.

"Sannu, Hajiya," in ji likitar.

"Ban je ba tukuna. Ke ce ma ke riƙe da ni. Ki ce mani Inna, kuma ki gaya mani ni, mai zuciyar."

Likitar ta cire tabarau ta dube ta, ta yi murmushi, sannan ta juyo da allon ya fuskance ta. Ga abin nan a fili, fari tas a gefe-gefe kamar ɓawon ƙwai, cikinsa ya ɗan dushe. Ta ce ba ƙari ba ne. Ta ce ƙari abu ne mai rai, yana da hanyoyin jini, don haka yana shan ruwan allurar da aka saka ya haska a hoto, wannan kuwa bai sha ko kaɗan ba. Ta ce wani abu ne mai kama da alli da ke taruwa a gindin ƙofar zuciya in shekaru sun ja, musamman ga mata, ya daskare a waje, cikinsa ya yi laushi kamar kwaɓaɓɓen gari. A hoton farko yana rikita ido ya yi kama da ƙari, shi ya sa ake neman na biyu. Ta tambaye ni sana'ata, na ce shayi. Ta ce to na san farin abin nan da ke kama gindin butar da aka daɗe ana tafasa ruwa a cikinta, kusan haka yake.

Inna ta matsa kusa da allon, ta ƙura masa ido.

"Ashe ƙanzo ne. To tukunyar da ta daɗe bisa wuta ai dole ta yi ƙanzo. Ƙofar tana rufuwa?"

"Tana buɗewa tana rufuwa, Inna. Ɗan yoyon da take yi kaɗan ne, shi ne sautin da aka ji."

"Za a kankare shi?"

"A'a. Ba a taɓa shi in bai dami kowa ba. Sa ido za mu yi."

Asabe ta saki wata irin guɗa a cikin ofishin mutane, sai da ma'aikaciya ta leƙo. Sani ya juya ya fuskanci bango yana share ido. Ni kuwa na zauna a ƙasa dirshan, ƙato da ni, ina ta alhamdulillahi ba tsayawa. Likitar ta bar mu muka gama, sannan ta kafa sharuɗɗa, kuma ba da wasa ta kafa su ba. Maganin hawan jini kullum, don ashe ƙaryar da na yi a kan babur akwai gaskiya a cikinta. Ruwa da yawa a can, kada ta shiga turmutsitsi, in ta gaji a tura ta a keke ba kunya. In ta ji numfashi yana yanke mata, ko hannu ko ƙafa ya mutu, ko baki ya karkace, a nemi likita nan take. Kuma duk shekara ta dawo a sake hoto. Inna ta amsa kowane ɗaya, ban da na keken, wanda ta ce za ta yi shawara. Likitar ta ajiye biro, ta ce in haka ne ba za ta sa hannu ba. Inna ta ce to ta yarda. Sannan aka sa hannu.

Kuna tsammanin shi ke nan na huta? Washegari da sassafe, lokacin da direbobi da leburori ke cika bencina, Inna ta aiko a kira ni. Ta ce waccan sallamar ba ta karɓu ba, ta makoki ce, sai an sake. Kuma ni zan kai ta, kuma a kowane gida ni zan tsaya in yi bayani da bakina. Haka na rufe tebur safiya bayan safiya ina zagaye gari da tsohuwa a bayan babur, ina shiga gidajen mutane ina cewa ba ƙari ba ne, ƙanzo ne. Masu shan shayina suka koma wurin wani a tsallaken titi, wasu har yau ba su dawo ba. Wannan shi ne abin da na biya, kuma ban ce ya yi tsada ba.

A gidan Kawu Iro, ina gama bayani ya yi kabbara, ya ce to tunda haka ne, dabino, da zamzam, da carbi, da jallabiya, kuma in akwai hali agogo. Inna ta ce yanzu ta gane ƙanenta. Amma na Ladi ya fi. Inna ta same ta a ƙofar gida ta ce mata:

"Ladi, ga shi ban mutu ba. Za ki karɓe yafiyarki, ko in riƙe?"

Ladi ta riƙe haɓa, ta yi ɗan tunani.

"Riƙe, tunda na riga na durƙusa. Amma maganar magudana tana nan, ki dawo lafiya mu ƙarasa."

Suka yi ta dariya har suna riƙe juna. Ladi ce ta daka mata yajin tafiya.

Inna ta tafi, ta yi aikinta, ta dawo. Ta rame, ta yi baƙi, muryarta ta dushe da tarin da alhazai ke dawowa da shi, amma da ƙafarta ta shigo gida. Abokiyar tafiyarta ta ce sau ɗaya kawai ta yarda aka tura ta a keke, shi ma tana yi wa mai turawar faɗa da Hausa. Ƙanzon yana nan har yau inda yake, duk shekara ana duba shi, bai ƙaru ba, bai tafi ba. Ni ne ma na fi ta zuwa asibiti yanzu da waɗannan gwiwoyin.

Da lokacin komawa wurin likitar ya yi, Inna ta ƙulla dabino a leda, ta cika 'yar gora da zamzam, na ɗauke ta muka tafi. Likitar ba ta manta ba. Tana ganin mu ta cire tabarau, ta gaishe ta a hankali kamar mai taka ƙaya.

"Sannu da zuwa, Inna."

Inna ta ajiye tsarabar a kan tebur, ta zauna, ta gyara mayafi. Sannan ta yi murmushin da ban taɓa ganin irinsa a fuskarta ba, har sabon haƙorin Makka ya haska.

"Ɗiyata, sake gaisuwar."

"Sannu da zuwa, Hajiya."

"Na'am," in ji Inna. "Ƙara faɗa, kunnen ya tsufa."